DARASINMU NA WANNAN FITOWA: ME YA SA AKE HANA 'YAN UWANMU BIZAR ZIYARA ZUWA FARANSA?

Wannan karo darasinmu ya ɗan fita daga kara, amma bai fita daga gidajenmu ba. Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ɗiya ko ƙane da ke karatu ko aiki a Faransa, kuma ba wata da zai wuce ba mu ji an hana wani namu biza ba. Kwanan baya wani dattijo cikin ƙungiyarmu, mutumin da ke loda tirela biyu ta shanu a mako, ya nema wa uwargidansa biza don ta je jegon ɗiyarsu a Liyon. Sau biyu ana hana ta. Har aka yi suna, har aka yi arba'in, Hajiya ba ta ga jikanta ba. Alhaji ya ce mana, "Ni da nake da shanu sun fi ɗari uku, a ce ba ni da halin ciyar da matata wata guda?" To, gaskiyarsa. Sai dai mu duba inda gizo ke saƙa.

1. TAMBAYAR DA KE RAN MA'AIKACIN BIZA

Mu fara da abin da muka sani. Idan mahauci ya zo ɗaukar sa bashi, ba rigarsa muke dubawa ba. Abin da muke tambaya shi ne: wa ya san shi, ina rumfarsa, wane fatoma ya tsaya masa, kuma ya taɓa ɗauka ya biya? A taƙaice, zai dawo ko ba zai dawo ba?

Haka ma'aikacin ofishin jakadanci yake. Biza bashi ce, biyanta shi ne dawowa gida kafin wa'adi. Bizar ziyara ta ƙasashen Shengen, waɗanda suka kai 29 a 2025, ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Dokarsu ta biza ta 2009 ta ce a hana duk wanda ake da shakka mai tushe kan niyyarsa ta fita kafin bizar ta ƙare. Bambancinmu da shi guda ne. Mu muna iya aika yaro ya binciko mahauci, shi kuwa takarda kawai ke gabansa. Shanun Alhaji ɗari uku suna daji, ba su cikin fayil. Abin da ba a rubuce ba, a wurinsa babu shi.

2. DALILAN DA AKA FI KAFA HUJJA DA SU

In an hana mutum, ana ba shi takarda mai jerin dalilai, an yi alama a kan wanda ya shafe shi. Kada mu yaga ta don fushi. A kai wa mai jin Faransanci ya karanta, don ita ce ke nuna inda aka yi tuntuɓe.

Na farko, dalilin tafiya bai fito fili ba. Mai zuwa wurin dangi sai ya kawo takardar masauki, wadda ɗan uwan nasa zai karɓo a ofishin magajin garin da yake zaune. A can za a duba gidansa da abin da yake samu, ya biya Yuro 30, sannan ya aiko da ainihin takardar, ba hotonta ba. Wasiƙar "ina gayyatar mahaifiyata" da aka rubuta da hannu ba ta maye gurbinta. Sannan a nuna dangantaka da takardar haihuwa ko ta aure. Nan ne da yawanmu ke faɗuwa: sunan uwa a fasfo daban, a takardar haihuwar ɗiya daban, ko an ɗaura aure a masallaci ba a taɓa yin takarda ba. Irin wannan gyara a kotu ko ofishin magajin gari ake yinsa, tun kafin a nemi biza.

Na biyu, kuɗin guzuri. Ma'aunin Faransa shi ne Yuro 32.50 a kowace rana ga mai takardar masauki, Yuro 65 ga wanda ya kama ɗakin otal, Yuro 120 ga wanda ba shi da ko ɗaya. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wata guda a gidan ɗiya zai kama kusan jika 640. Wannan bai kai kuɗin bijimi biyu masu kyau ba, amma dole a gan shi a takardar banki ta watannin baya.

Ga kuskuren Alhaji. Asusunsa ya yi watanni ba motsi, don cinikinsa hannu da hannu ne. Ana saura mako guda a kai takardu, ya sayar da shanu ya zuba miliyan takwas a tashi ɗaya. Mu mun san halalinsa ne. Amma wanda ke duba takarda abin da zai gani shi ne kuɗin aro, irin wanda ake zubawa yau a kwashe gobe. Ashe yawan kuɗin ma ya ƙara masa shakka. Asusu mai shiga da fita kowane mako, ko da kaɗan ne, ya fi tulin dare ɗaya daraja.

Na uku, inshorar lafiya. Dole ta rufe aƙalla Yuro 30,000, wato kusan sefa miliyan 20, ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen, kuma ta kama dukkan kwanakin tafiya. Fasfo kuma ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma yana da sauran wata uku bayan ranar dawowa.

Na huɗu, shi ne babba: ba a ga abin da zai ja mutum ya komo gida ba. Saurayi marar aure, marar sana'a a rubuce, wanda wansa ke Faransa, shi ne aka fi hanawa. Tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna waje, ita ma haka. Abin mamaki, ɗan uwan da ke can, wanda muke gani shi ne ƙarfin takardunmu, a idonsu yana iya zama dalilin da zai sa baƙo ya ƙi dawowa. Saboda haka kada mu cika fayil da arzikin mai gayyata mu manta da turken mai tafiya: miji, ƙananan yara da ke makaranta, gida, gona, rumfar kasuwa.

3. 'YAN "ZAN YI MAKA HANYA"

A bakin kowane ofishin biza akwai masu cewa sun san na ciki. Su ne ke buga takardar banki ta ƙarya da ta aikin da mutum bai taɓa yi ba. Mu sani, ana ɗaukar zanen yatsu, kuma bayanin wanda aka hana yana zama shekara biyar a rumbun da duk ƙasashen Shengen ke dubawa. Wanda Faransa ta kama da jabu, in ya juya ofishin Italiya ko Jamus, labarinsa ya riga shi isa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Haka wanda ya samu biza ya zarce wa'adi. Tun Oktoban 2025 suka fara rubuta shiga da fitar baƙi a kwamfuta a iyakokinsu. Banda kansa da ya cuta, ya ɓata sunan wanda ya sauke shi, kamar yadda mahaucin da ya gudu da bashi ke ɓata sunan fatomansa.

4. IN AN HANA, SAI ME?

Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kusan jika 59, kuma ba a mayarwa. Ga kuɗin mota, ga masauki a babban birni, ga kasuwa biyu ko uku da mutum ya rasa. Hajiya ta biya sau biyu domin a karo na biyu takardun farko aka sake kaiwa, ba a canza komai ba. Wanda bai gyara ba, amsar jiya zai samu.

Hanya biyu ce. Ko a gyara abin da aka yi wa alama a sake nema, ko a ɗaukaka ƙara. Ga bizar ziyara, ana rubuta ƙara da Faransanci zuwa ofishin biza da ke birnin Nant cikin kwana 30. In wata biyu ya wuce shiru, ƙi ne, sai kotun da ke wannan birni. Ƙara na da amfani in takardunmu sun cika aka yi mana kuskure. In kuwa giɓin daga wajenmu yake, sabon nema ya fi sauri.

A kula, ana nema ne a ƙasar da mutum yake zaune bisa doka. 'Yan uwanmu na Nijar sun sha wuya a nan, domin Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Kafin a ɗau hanya zuwa wata ƙasa, a tabbatar za su karɓi takardun.

5. SHAWARARMU

Ana iya kai takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kuma kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Mai son zuwa suna, ya fara shiri tun cikin yana ƙarami. Mu riƙa bi da wani kaso na cinikinmu ta banki. Mu adana rasit na kara, da takardun duwan, da na likitan dabbobi, da na haraji, da katin ƙungiya. Waɗannan takardu da muke cusawa a aljihun babbar riga har su yage, su ne shaidar cewa muna da sana'a.

Ko an yi duk wannan, ba wanda zai ɗaukar mana alkawarin biza, don hukunci na hannunsu. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi: kada mu sake zuba jika 59 a fayil ɗin da mu kanmu ba za mu ba da sa bashi a kansa ba. Alhaji dai ya buɗe littafin ciniki, ɗiyarsa kuma ta nemi sabuwar takardar masauki. Allah ya sada Hajiya da jikanta, ya ba mu sa'ar kasuwa, amin.