Amsar Tambaya: Masauki a Makka

Tambaya: Zan kai mahaifiyata Umra, kwana 4. Wane otal zan kama?

Amsa: 'Yar'uwa, tunda da Hajiya za ki, ƙafarta za ki fara dubawa kafin aljihunki. Otal-otal na Aziziyya da Kudai sun fi araha, amma jiran motar Harami a kowace sallah zai galabaitar da tsohuwa. Nemi ɗaki a titin Ibrahim Khalil ko Ajyad. Kada tallan otal mai cewa "mita 500 daga Harami" ya ruɗe ki, Makka gari ne mai duwatsu, ki tambaya ko akwai hawa a hanyar. Kwanakin ba yawa, ki daure ki biya na kusa. In da hali, ku kauce wa goman ƙarshe na azumi, lokacin kuɗin ɗaki kan ninka.