Zubewar Gashi da Magungunan Tsire-tsire

A kan mutum mai lafiya akwai silin gashi wajen 100,000, kuma kowace rana 50 zuwa 100 sukan kaɗe, waɗansu su tsiro a madadinsu. Wannan ba ciwo ba ne. Amma idan fatar kai ta fara bayyana, kafin a sayi magani sai a san mafarin abin, gama zubewar gashi iri-iri ce. Akwai sanƙo na gado. Akwai wadda takan sami mace wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, gashin kuwa yakan komo da kansa. Ƙarancin jini yakan jawo ta, haka nan kitso mai tsauri da ke cinye gaban goshi.

Masana sun gwada waɗansu tsire-tsire. A shekarar 2002, a ƙasar Iraƙi, an shafa ruwan albasa sau biyu a rana ga masu irin zubewar nan da ke barin fili kamar kwabo a ka, gashin mafi yawansu ya tsiro cikin mako shida. A 2014, a Koriya ta Kudu, an gwada man 'ya'yan kabewa a kan maza 76 masu sanƙo har mako 24. Waɗanda suka sha shi sun fi sauran samun ƙarin gashi. Labari ne mai daɗi, sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma abin da albasa ta yi wa wancan ciwo ba a nuna tana yi wa sanƙo ba.

Man kaɗanya da man kwakwa suna tausasa gashi, su rage karyewarsa. Iyakar aikinsu ke nan. Inda saiwar gashi ta riga ta mutu, wurin ya zama tabo, babu man da zai tsirar da shi, kome daɗin bakin mai talla a tasha.

Iyaye su kula da makero a kan yara. Ƙwayar cuta ce da ke shiga cikin silin gashi, inda shafe-shafe ba ya kaiwa, tana kuma yaɗuwa ta aska da mataji. Maganinta na sha ne, na makonni, daga asibiti. Jinkiri yana iya barin yaro da tabo har girmansa.

Wanda zai sayi maganin gargajiya na kwalba ya duba lambar hukumar NAFDAC a jikinsa. Ya fara ɗiga kaɗan a bayan kunne, ya jira kwana biyu. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, ya bar shi.