Darussan Kasuwa Daga Farkon Annobar Korona a Garin Lafiya

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, wato wani Ba'italiye da ya sauka a Legas. Jihar Nasarawa kuwa ba ta sami nata ba sai a ƙarshen watan Afrilu. Amma a cikin waɗannan watanni biyu 'yan kasuwar Lafiya, hedkwatar jihar, sun riga sun ji jiki. Wannan tazara ita ce abin nazari, domin ta nuna cewa annoba takan taɓa jarin ɗan kasuwa tun kafin cutar ta iso garinsa.

Abin da ya fara damun jama'a

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, hankalin mutane ya karkata ga takunkumin rufe fuska da ruwan tsabtace hannu, waɗanda farashinsu ya tashi a manyan biranen ƙasar. Sai dai wannan ba ita ce babbar damuwar talaka ba. Ɗan acaba, da ɗan dako, da mai sayar da abinci a tasha, dukkansu sai sun fita suke samun na cefane. Tambayarsu ita ce: in an hana fita, me za a ci?

Ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar kulle Legas da Ogun da Abuja. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gwamnatin Injiniya Abdullahi Sule ta sa dokar hana fita a ƙaramar hukumar Karu mai iyaka da Abuja, ta kuma taƙaita tarurruka da harkokin kasuwanni. Masu hali suka shiga sayen hatsi suna tarawa. Ga shi kuma lokacin ya faɗa kan bikin Ista ranar 12 ga Afrilu, da azumin Ramadan da aka fara ranar 24 ga watan, lokutan da aka saba ganin buƙatar abinci ta ƙaru. Makarantu ma an rufe su, abin da ya yanke cinikin masu ɗakunan haya da shaguna da ke dogara da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya.

Hanya ce ran kasuwar

Arzikin Lafiya a kan hanya yake. Garin yana bisa babban titin da ya taso daga Abuja ta Keffi da Akwanga ya wuce Makurɗi, kuma ta nan ne doya, da riɗi, da agushi, da shinkafar yankin suke fita zuwa wasu jihohi. Ko da yake doka ta keɓe motocin abinci daga hanin zirga-zirga, yawan shingayen bincike ya jawo jinkiri da ƙarin kuɗin mota.

Sakamakon haka a ilmin tattalin arziki sananne ne: farashi yakan rabu biyu. A ƙauye kaya sukan faɗi saboda ƙarancin 'yan sari, a birni kuma su yi tsada saboda ƙarancin kayan. Manomi ya yi asara, mai saye ya yi asara, shi ma ɗan kasuwan da ke tsakani ba lallai ne ya ci riba ba, tun da abin da ya ƙaru ya tafi a kuɗin mota da lalacewar kaya. Mai riɗi yana iya jira, don kayansa suna ajiyuwa. Mai tumatir ko lemo ba shi da wannan dama. Wannan ne ma ya sa rage farashin man fetur daga Naira 145 zuwa 125 a watan Maris bai sauko da tsadar abinci ba.

Kuɗi da tallafi

A daidai wannan lokaci farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, aka kuma karya darajar Naira a hukumance daga wajen 307 zuwa 360 a kan Dalar Amurka. Duk mai sayar da kayan waje, kamar magunguna da kayan gyaran mota, ya tarar cewa kuɗin da ya sayar da tsohon kaya ba za su sayo masa irin adadinsu ba.

Babban Bankin Nijeriya ya rage kuɗin ruwa a kan basussukansa na tallafi daga kashi 9 zuwa kashi 5 cikin 100, ya kuma ware Naira miliyan dubu 50 don magidanta da ƙananan masana'antu ta hannun bankin NIRSAL. To, amma a lokacin neman wannan rance yana buƙatar asusun banki da lambar BVN da shaidar cewa annobar ta taɓa sana'ar mutum. Wanda lissafinsa duk a ka yake, da wuya ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Abin da ya kamata a riƙe

Na farko, kada ɗan kasuwa ya zuba jarinsa kaf a kaya. Ya bar tsabar kuɗin da za su riƙe gida da hayar shago da haƙƙin yaran shago na 'yan makonni, don kada yunwa ta sa shi cin uwar kuɗi.

Na biyu, a yi hattara da bayar da bashi. Ranar da kasuwa ta tsaya, mai binka yana ƙofa, wanda kake bi kuwa ba shi da abin biya.

Na uku, a sa farashi bisa abin da za a kashe wajen sake saro kaya, ba bisa abin da aka saya jiya ba. Wannan daban yake da ɓoye kaya don a tsawwala wa jama'a, wanda ke kawo ribar mako ɗaya ya kori abokin cinikin shekaru.

Na huɗu, a riƙe littafin shiga da fita, a kuma bi da ciniki ta banki gwargwadon hali, domin da su ake neman rance ranar buƙata.

Na biyar, kada a dogara ga hanya ɗaya ko mai saye ɗaya. Wanda yake da abokan hulɗa a Jos da Makurɗi ban da Abuja, ya fi samun mafita in an toshe ɓangare guda.

An janye hanin tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, 2020, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 daga Afrilu zuwa Yunin shekarar. Kulle ya wuce, amma ambaliya, ko rikici, ko ƙarancin takardun kuɗi irin na farkon 2023, kowannensu yana iya tsayar da kasuwa haka nan ba tare da sallama ba. Tanadin da ya yi amfani a lokacin korona shi ne zai yi amfani a ranar.