Darasin Mako: Injin Ɗaga Kaya a Sito da Haƙƙin Mai Aiki

Darasinmu na yau ya shafi yayyenmu da iyayenmu masu neman abinci a sito-sito, ya kuma shafe mu, domin da yawanmu kan fita dako lokacin hutu.

Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta riɗi da zoɓo da ƙaro. Ga kasuwar Maigatari da ke ci duk ranar Alhamis, ga yankin ciniki maras shinge da aka kafa a can a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ga filin masana'antu a Gagarawa. Duk inda buhuna suka yi yawa har suka fi ƙarfin 'yan dako, akan kawo injin ɗaga kaya mai cokula biyu a gaba, wanda ake kira foklif. Injin yana sauƙaƙa aiki, amma yana karya ƙafa, yana kuma kisa.

Yadda injin yake

Mu tuna darasin Fiziks a kan sikeli mai hannu biyu. Tayoyin gaba na foklif su ne tsakiyar sikelin. Kaya suna gaba, a baya kuma akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke riƙe injin. Saboda wannan ƙarfe, matsakaicin foklif yakan kai tan huɗu ko da babu kaya, wato ya ninka ƙaramar mota kusan sau uku. Ƙafar da taya irin wannan ta taka da wuya ta koma daidai.

Na biyu, da tayoyin baya yake juyawa. Idan direba ya sha kwana, bayan injin ne ke sharowa gefe, kuma a nan ake matse mutum da bango ko da tarin buhuna.

Na uku, ko da yake tayoyinsa huɗu ne, a kan wurare uku yake dogara: tayoyin gaba biyu da tsakiyar gatarin baya. Idan aka haɗa su da layi, alwatika za su bayar. Muddin cibiyar nauyi tana cikin alwatikan, injin yana tsaye. Ɗaga kaya sama, ko shan kwana da gudu, ko faɗawa rami, su ne ke fitar da ita waje, sai injin ya kife.

Mu yi lissafi

A jikin kowane foklif akwai ɗan faranti da ke nuna iyakar nauyin da zai ɗauka. A ce an rubuta kilo 2,500, idan tsakiyar kayan tana nisan santimita 50 daga gindin cokulan. Wannan buhu 50 ke nan na riɗi mai kilo 50. A ce kuma daga tayar gaba zuwa gindin cokulan santimita 50 ne. Jimillar nisa 100, sai mu ninka: 2,500 sau 100 ya ba mu 250,000. To idan aka jera kayan da tsawo har tsakiyarsu ta koma santimita 100, jimillar nisa ta zama 150. Mu raba 250,000 da 150, za mu samu kusan kilo 1,667, wato buhu 33 kacal. Wanda ya ɗora 50 a haka ya yi lodin da ya wuce kima da buhu 17, alhali yana ganin bai saɓa abin da ke rubuce ba. Tayoyin baya za su tashi, kaya su zube kan na gaba.

Ƙa'idojin da ke ceton rai

1. Wanda aka horar kaɗai ke tuƙa foklif. Iya tuƙa mota ko tarakta bai wadatar ba.
2. A tafi da kaya ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe. Idan sun tare gaba, a yi tafiya da ribas.
3. A kan gangara, kaya su fuskanci sama, hawa ko sauka.
4. A danna oda a kowace kwana da bakin ƙofa.
5. Ba a ɗaukar fasinja, ba a ɗaga mutum a kan cokula, ba a bi ta ƙarƙashin kayan da ke sama.
6. Direba ya ɗaura bel. Idan injin zai kife, kada ya yi tsalle, domin rumfar ƙarfen ce ke danne masu tsalle. Ya riƙe sitiyari, ya dafe ƙafa, ya karkata ɓangaren da ba can ake faɗuwa ba.
7. Injin mai shan mai yana fitar da hayaƙi mai guba, don haka a buɗe ƙofofin sito.

Wa ke sa ido?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta bai wa sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga wuraren aiki su duba injuna, ta kuma wajabta kai rahoton haɗarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku. A 2018 an ƙara da ƙa'idoji na musamman a kan na'urorin ɗaga kaya. Dokar Ƙwadago kuwa ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta. A Amurka ba a yarda ɗan ƙasa da 18 ya tuƙa foklif ba, kuma ana sake gwada direba duk shekara uku.

Sai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai kamfani ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, ba a cirewa daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki kawai. Wanda ya ji rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangida ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a nemi diyya kafin shekara ta cika.

Inda gizo ke saƙa shi ne, lebura yakan ji tsoron kora, sai a ce tsautsayi ne, a ba shi kuɗin ɗori a rufe magana. Haɗarin da ba a kai rahotonsa ba, sufeto ba zai zo ya duba ba, kuma birkin da ya tsinke jiya yana nan yana jiran wani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara saboda haɗari da cututtukan wurin aiki, ta kuma keɓe 28 ga Afrilu don tunatarwa.

Aikin gida

Kowa ya karanta wa mai aikin sito ɗaya a gidansu ko unguwarsu waɗannan ƙa'idoji bakwai da kwanakin neman diyya. Sannan ga tambaya: da injin misalinmu, buhu nawa za a ɗauka idan tsakiyar kaya tana santimita 75? A jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta