Moter ɗin kawu

Kawuna masunci ne a Gaya. Moter ɗin jirginsa ya shekara a ajiye. Yau kawu ya ja igiya sau biyar, moter ya ƙi tashi. In bai tashi ba, babu su, babu kuɗin hatsi.

Kawu ya ce: «Moter abu uku yake so: mai, iska da wuta.»

Ya juye tsohon mai a galan, ya zuba sabo. Ya buɗe ƴar kafar iska ta murfin tanki. Ya kwance buji, ya goge baƙin da ya rufe shi.

Ya sake jan igiya. Moter ya tashi! Gobe da asuba sai kogi.

Tambayoyi
1. Mi moter yake so?
2. Don mi kawu ya goge buji?