Yadda ake duba sabar ta hannu kafin a biya kuɗi a Circle

An fi sanin Tip Toe Lane da cinikin waya, amma a shagunan kwamfuta na kewayen unguwar Circle akan ci karo da sabar, wato babbar kwamfutar nan mai riƙe bayanan makaranta ko asibiti ko ofis. Yawancinsu sun gama aiki a Turai ko Amurka, suka shigo ta tashar ruwa ta Tema. Irin su Dell PowerEdge R730 da HP ProLiant DL380 Gen9, waɗanda suka fito a 2014, har yau suna da ƙarfin ɗaukar aikin ƙaramin ofis a Nima ko Maamobi. Shawarata ɗaya ce, ɗan'uwa: kada ka fitar da ko sidi ɗaya sai an kunna ta a gabanka.

Tun daga gida, auna kabad ɗin ƙarfen da za ta shiga. Faɗin ma'auninsa inci 19 ne, tsayi kuma ana ƙirga shi da U, kowane U ɗaya inci 1.75. R730 tana cin U biyu. Zurfi ne ke ba mutane matsala, domin tana kai wajen santimita 70, ƙaramin kabad na jikin bango ba zai ɗauke ta ba. Ka tambayi mai shago ko ƙarafan da take zamewa a kai suna nan.

A shago, jawo ɗan katin da ke gabanta. In Dell ce, akwai lamba mai haruffa bakwai. Shigar da ita a shafin Dell ka ga kayan da aka haɗa ta da su tun asali.

Sai ka juya ta, domin a baya maganar take. Duba ramukan hanyar sadarwa. Wasu suna da huɗu irin na wayar intanet da ka saba, kowanne mai gudun gigabit ɗaya. Wasu kuma biyu daga ciki masu gudun gigabit 10 ne, irin da ake kira SFP+, kuma wayar yau da kullum ba ta shiga cikinsu, sai da kai na musamman ko wayar faiba. In suwic ɗinka ba shi da irin ramin, ba su da amfani gare ka yanzu. Akwai wani rami shi kaɗai a gefe, iDRAC a Dell, iLO a HP. Ni shi na fi ba muhimmanci. Ta nan za ka kunna na'urar ko ka kashe ta, ka ga zafinta da lafiyar kayanta kana wani wuri, ba sai ka hau motar haya ta tirotiro cikin cunkoson yamma ba. Ka sa a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, ka canza kalmar sirri da zarar ka kai gida. Ramin allo kuwa VGA ne, ba HDMI ba, don haka ka zo da wayarsa.

Buɗe murfi. Circle wuri ne mai ambaliya, duk mun tuna daren 3 ga Yuni 2015, saboda haka ka nemi tsatsa ko shatin ruwa a ƙasan akwatin. In ka gani, ka bar ta. Ƙirga furosesa: gurbi biyu ne, ramukan RAM kuma 24, amma in furosesa ɗaya aka saka, 12 kaɗai ke aiki. RAM ɗinta DDR4 ce ta sabar, ta kwamfutar tebur ba za ta yi ba. Katin da ke haɗa faifan ajiya ma ka duba: a Dell, H730 yana da batirin da ke tsare bayanai in wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, H330 ba shi da shi. Ga wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ka ƙirga maƙalan faifan gaba, don sayensu ɗai-ɗai daga baya tsada ne.

Yanzu a kunna. Fankoki za su yi ƙara sosai da farko, sannan su lafa. A Dell, ɗan allon gaba in ya nuna shuɗi lafiya lau, in ruwan goro akwai matsala, karanta abin da ya rubuta. Danna F10 ka gudanar da gwajin kayan ciki, ka jira ya ƙare ko da mai shago ya ƙosa. Tana da gidan wuta biyu. Zare wayar ɗaya tana aiki, ka mayar, ka zare ɗayar. In ta mutu a ko wanne, a canza maka shi nan take.

A gida, kada ka jona ta kai-tsaye da wutar kamfanin lantarki na ECG, sai ta cikin UPS mai isasshen ƙarfi, wato na'urar batirin da ke riƙe wuta. Ɗora ta a kan wani abu mai tudu, ba a ƙasa ba, a ɗaki mai sanyi, ka bar mata fili gaba da baya, domin ta gaba take shaƙar iska ta fitar ta baya. In hunturu ya shigo, ka riƙa kashe ta lokaci-lokaci kana hure ƙurar da ta taru a fankokin.