Kafin ka tura kuɗin keken tsere, ƙirga haƙoran giyarsa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ɗan acaba ya sa matasa da dama sun fara yi wa keke kallon mutunci. Ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin cikin garin Ƙaura Namoda da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ya san abin da nake nufi. Sai dai yanzu ba Phoenix irin na baba ake nema ba, keken tsere ake so, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, irin na gwanjo da ake tallarsu a Facebook da Jiji.

Abin da masu tallar suka fi kururutawa shi ne yawan giya. Za ka ga an rubuta "giya 21", kai kuma ka ɗauka ya fi mai 16. Lissafin kawai faranti 3 ne a gaba sau 7 a baya, kuma da yawa cikinsu maimaici ne, nauyinsu ɗaya a ƙafa. Abin dubawa shi ne yawan haƙora.

Buɗe kalkuletar wayarka. Raba haƙoran farantin gaba da haƙoran na baya, sai ka ninka da zagayen taya. Tayar keken tsere, wadda ake rubuta wa 700c, zagayenta kusan mita 2.1 ne. Amsar da ka samu ita ce tafiyar da keken zai yi idan ka juya feda sau ɗaya. Idan sarƙa na kan 50 a gaba da 17 a baya, juyi ɗaya zai kai ka mita 6.2. Ka juya sau 80 a minti, kana gudun kusan kilomita 30 a awa ke nan. Don ka kwatanta, keken baba mai haƙora 44 da 18 yana cin mita 5.4 a kowane juyi, kuma da shi kaɗai ake zuwa gona a dawo da buhu.

To ga inda ake cutar masu saye. Yawancin tsofaffin kekunan tsere da ake kawowa daga Turai suna da 53 da 39 a gaba, a baya kuma mafi girma bai wuce 23 ba. An yi su ne don 'yan gasa masu gudu a kan lafiyayyar kwalta. Giya mafi sauƙi a irin wannan keke tana cin mita 3.6. Wani zai ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina ruwanmu da giyar hawan tudu? Tudunmu iska ce da yashi. Zurmi tana arewa maso gabas da Ƙaura, daidai inda iskar hunturu ke fitowa, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu mai wannan tafiya da iska yake kokawa tun daga fita. Ka sauka daga kwalta kuma ka shiga hanyar ƙauye, yashi ya riƙe taya. A nan ne mai giya mai nauyi zai miƙe tsaye yana danna feda da ƙarfi, bayan wata biyu ya fara kukan gwiwa.

Ni dai shawarata ka nemi mai 50 da 34 a gaba, a baya kuma daga 11 zuwa 28. Haɗin 34 da 28 yana cin mita 2.5 kacal, ƙafa za ta riƙa juyawa ba tare da wahala ba. Idan za ka riƙa ɗaura kaya, misali sayayyar kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, nemi wanda ya kai 32. Shi kuwa ɗan ƙaramin nan mai haƙora 11, sai ka yi wata ba ka hau shi ba.

Sai batun kayan giyar kansu. Kamfanin Shimano na Japan ya jera nasa hawa-hawa: Claris mai 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sannan 105 da Ultegra da Dura-Ace masu 11 ko 12. Masu bidiyon YouTube za su ce maka kada ka sauka ƙasa da 105. Su suna da shagon kayan gyara a bayan gida. Duk lokacin da giyar baya ta ƙaru, sarƙa tana ƙara sirancewa, kuma ta mai 11 ba ta musanyuwa da ta mai 8. Sarƙar 6 da 7 da 8 kuwa kusan iri ɗaya ce, ta fi araha, ta fi sauƙin samu a wurin masu gyara. In mai 11 ta tsinke, sai ka jira a aiko daga Kano, wataƙila ma daga Legas. Kuma duk wanda ya san halin da hanyoyin Shinkafi da Zurmi ke ciki ba ya fatan keke ya tsaya masa a daji yamma na yi. Saboda haka Claris ya ishe ka. Haka ma birki: mai waya ya fi mai amfani da mai, domin waya kowane mai gyara zai canja maka.

Taya ma abin lura ce. Mai faɗin milimita 23 tana da kyau a hoto, amma ramuka da ƙaya ba sa raga mata. Nemi 28, ko 32 idan jikin keken zai ɗauka. Duba bawul ɗin kuma. Kekunan tsere suna zuwa da siririn bawul mai suna Presta, wanda famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ake ɗaura masa ya koma irin na babur, ka sa mai sayarwa ya haɗo maka da shi.

Tunda ta waya za a yi cinikin, ka ce a turo maka hoton farantin gaba daga kusa ta WhatsApp, galibi an buga lambar haƙoran a jikinsa. Na baya kuwa ka zuƙo hoton ka ƙirga da kanka. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe guda sun cinye. Sannan a ɗora tef ɗin tela a kan sarƙa: tsakanin kowace ƙusa da ta kusa da ita rabin inci ne, don haka ƙusa ta 25 ya kamata ta faɗo daidai kan inci 12. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙar ta gama aiki, kuma mai yiwuwa ta ci haƙoran baya. Ka cire kuɗin sababbi daga farashin kafin ka ce ka saya.

In keken ya iso, kada ka bulbula wa sarƙar baƙin man inji. Ƙurar hunturu tana manne masa ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, ka juya feda baya, ka goge saman da tsumma.